Kifin da ya ci ya ƙoshi ba na sayarwa ba ne

'Yan uwa masu kiwo, da ku da kuke tara 'yan kuɗaɗenku da niyyar farawa. Kullum tambayoyinku ba sa wuce uku: ina zan samu 'ya'yan kifi masu kyau, wane abinci ne ya fi saurin girmar da su, nawa zan ci riba. Da wuya ka ji wani ya yi tambaya a kan kwana biyun ƙarshe kafin kifi ya bar hannunsa. Ni kuwa a ganina waɗannan kwana biyun su ne suke yanke hukunci ko mai sayen nan zai dawo ko ya tafi ke nan.

Ra'ayina shi ne, duk mai kiwon tarwada da ya kwashe kifi daga ruwan da ya yi kwanaki, cikinsa cike da abinci, ya ɗora a sikeli ya miƙa wa mutane, ya sayar da aikin da bai gama ba. Tsaftace kifi tun yana da rai aikin mai kiwo ne. Mun daɗe muna tura wa matan gida da masu gashi wannan nauyi, su yi ta fama da gishiri da lemon tsami da toka, alhali abin da suke nema su cire yana wurin da hannunsu ba zai kai ba.

Bari in ɗauko misali daga nesa, don mu ga cewa ba mu kaɗai ke wannan ruɗanin ba. A jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka akwai wata 'yar halittar ruwa mai kama da jatan lande, mai 'yan ƙahonni biyu irin na ƙaguwa, wadda suke kiwo a fadamun shinkafa. Ita ce ainihin kirafish ɗinsu. Kar ku haɗa ta da busasshen kirafish da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari, wanda ake kawowa daga wajen Oron a jihar Akwa Ibom. Wannan ƙananan jatan landen bakin teku ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Su mutanen can, in lokacinta ya yi, sai a sayo ta da ranta buhu-buhu, a kafa ƙatuwar tukunya a bayan gida, a dafa da masara da dankali da barkono, dangi da maƙwabta su taru. To shekara da shekaru suna da wata al'ada: kafin a zuba a tukunya sai a jiƙa ta cikin ruwan gishiri na 'yan mintuna, wai don ta amayar da dattin cikinta. Da masu binciken noma na jami'ar jihar suka gwada, sai suka ga ruwan gishirin bai fitar da wani abin kirki daga hanjinta fiye da ruwa zalla ba. Taɓon jiki dai yana fita, wannan kuwa ko da ruwan banza zai fita. Abin da ke wanke hanjin shi ne a ajiye ta awanni masu yawa, har ya kai kwana guda, cikin ruwa mai tsafta mai iska, babu abinci.

Ku cire kirafish ku sa tarwada, labarin bai canza ba. Gishirin da ake watsa wa kifi a bokiti yauƙi yake cirewa, shi ke nan aikinsa.

Datti iri uku ne a tare da kifin da muke kiwo, kuma kowanne da lokacin fitarsa. Na farko yauƙin jiki, wannan minti biyar ya ishe shi a madafa. Na biyu abin da ke cikin hanji, wanda sai an hana shi abinci kwana ɗaya zuwa biyu. Na uku shi ne mugun, wato warin taɓon da ya shiga tsoka, kuma a kansa zan ɗan tsaya domin yawancinmu ba mu san daga inda yake zuwa ba.

Kun san ƙamshin nan da ƙasa ke yi ranar da aka yi ruwan farko? Wani sinadari ne da masana ke kira jiyosmin, wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ne ke samar da shi. A iska daɗi gare shi, a cikin farfesu kuwa masifa ne. Wasu nau'o'in gansakukar nan mai kore-shuɗi da ke mamaye tsohon ruwa, da ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikin dagwalon ƙasan fond, suna fitar da shi tare da wani ɗan'uwansa mai warin rima. Kifi ba sai ya ci taɓo ba kafin ya ɗauka. Ta wurin numfashinsa yake shiga, ya bi jini, ya je ya kwanta a cikin kitse. Shigarsa awanni ce, fitarsa kuwa kwanaki, wani lokaci har ya wuce mako idan kifin mai ƙiba ne ko ana sanyi. Hancin ɗan Adam da harshensa kuma suna kama shi ko da ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Shi ya sa za ka ga uwargida ta wanke kifi sau huɗu, ta zuba citta da tafarnuwa da attaruhu, amma maigida ya kai loma ɗaya ya ce kifin nan na kiwo ne ko?

Wannan kalmar, "na kiwo ne ko", ita ce ke ci mana kasuwa. Ku lura da yadda mutanen Kano ke magana in an zo batun kifi. Za ka ji ana yabon na Tiga, ana neman na dam, ana cewa na kiwo ba shi da ɗanɗano, wai ƙarni gare shi. Tarwadar dai iri ɗaya ce. Bambancin ruwan da ta kwana a ciki ne da abin da ta ci. Mu da kanmu muka ɓata sunan hajarmu.

Abin da ya sa muke sakaci kuwa, tarwada ce ta sangarta mu. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa kake ganin tana tasowa sama tana kamɓatar iska ta koma. Ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya, ita za ta yi kwanaki a ciki tana motsi. Sai mai kiwo ya leƙa ya ga ba mace-mace, ya ce lafiya ƙalau. Rashin mutuwa daban, tsafta daban. A unguwanni irin namu na Rijiyar Lemo da Kurna, inda yawancin masu kiwo tankin roba ne ko tamfol ko ɗan fond na siminti a tsakar gida, kifi ɗari biyar a 'yar ƙaramar jaka, ruwa kuma sai an tayar da janareta ko an jira wuta, jarabar ƙara wa ruwa kwana ɗaya ko biyu tana da ƙarfi. Na san da haka. Amma a makon ƙarshe ba wurin yin tsimi ba ne.

A jihar Misisifi, wadda ita ma a Amurkan take kuma ta yi suna wajen kiwon tasu tarwadar, kamfanonin da ke saye ba sa yarda a kwashe fond sai an kawo musu samfuri sun dafa ba gishiri ba kayan ƙamshi sun ɗanɗana. In suka ji warin taɓo, fond ɗin gaba ɗaya ya jira. Wannan dabara ba ta buƙatar ko sisi. Mako guda kafin ranar da ka sa za ka sayar, kamo ɗaya, yanki tsokar wajen ciki inda kitse yake, ka dafa da ruwa zalla, ba magi ba albasa. Ka ci, ka ba wani wanda ba ya jin kunyarka ya ci. Abin da bakinku ya gaya muku shi zai nuna maka ko kwana biyu za su isa ko sai ka yi mako kana sauya ruwa.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi. In kana da tanki na biyu, ka wanke shi tas, ka kankare koren da ya manne a jiki, domin in ka bar shi ka dawo da matsalar da kake gudu. Ka cika da ruwan bohol. In ruwan famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe saboda sinadarin kilorin. Ka mayar da kifin da sassafe ko da yamma liƙis, kar ka yi da tsakar rana. In tanki ɗaya gare ka, ka zubar da tsohon ruwan, ka kore dagwalon ƙasa, ka zuba sabo. Daga nan ka ɗauke abinci gaba ɗaya. Washegari da safe ka leƙa ƙasan tankin ka ga abin da ya fito daga cikinsu. Duk wanda ya taɓa gani sau ɗaya ba sai an sake yi masa wa'azi ba. Ka sauya ruwan nan, ka sake sauyawa da yamma in da hali. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, kwana ɗaya zuwa biyu sun wadatar wa hanji, sai dai a lokacin ne gansakuka ta fi yawa, don haka warin tsoka ya fi tsanani. A lokacin hunturu, Disamba da Janairu, cikin kifi ba ya narkar da abinci da wuri, sai ka ƙara masa kwana.

Ku masu kiwon kaji ai kun san wannan. Burela ba a cika mata ciki a yanka. Ana ɗauke abinci awa 8 zuwa 12 a bar mata ruwa, don kada hanji ya fashe ya ɓata nama. Me ya sa in an zo kan kifi sai mu manta?

To, na san abin da wasu za su rubuto. Malam, ai kifi zai rage nauyi, mu kuma kilo muke sayarwa. Gaskiya ne zai ragu. Mu yi lissafi na misali. A ce kana da kifi 500, kowanne kilo ɗaya. A ce kowanne ya sauke giram 20, ka rasa kilo 10 ke nan a sikeli. Amma babban kifi yana cin kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato kilo 5 zuwa 10 na abinci kullum a wannan tankin. Kwana biyu babu ciyarwa, ka tsira da kusan buhu guda mai kilo 15. Ka je ka tambayi kuɗin buhu yau ka cire. Asarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Wanda bai yarda ba ya ware kifi goma, ya auna kafin da bayan, ya zo ya faɗa mana abin da ya gani.

Sannan shi kilo goman da kake kuka a kansa, mene ne shi? Abinci ne da bai narke ba da kashi. Wanda ya ɗura wa kifi abinci da asuba don dillali zai zo da hantsi, ya sayar wa ɗan'uwansa kashin kifi da kuɗin nama. Sunan wannan algus, ko an ji daɗi ko ba a ji ba. Kuma wayon ba ya zuwa ko'ina. Kifin da ya ƙoshi in aka zuba shi a yankakkiyar jarka aka ɗora a adaidaita sahu, girgizar hanya da cunkoso za su sa ya amayar, ruwa ya yi kumfa, amoniya ta taru, fata ta fara ja. Daga Rijiyar Lemo ka bi titin Katsina ka shiga cunkoson Fagge zuwa kasuwar kifi ta Galadima, tafiyar ba ta da nisa, amma ta isa ta galabaitar da shi. Kifin da ya isa a mace ko yana juya ciki sama, kowa ya san yadda kuɗinsa ke faɗuwa. Dillalin da ya san sana'arsa tun a waya zai ce maka kar ka ba su abinci, in ya zo kuma ya matsa cikin guda biyu uku ya gani. Gobe in ya tashi yi maka farashi, da wannan zai yi.

Wasu kuma za su ce in aka bar tarwada da yunwa cizon juna take yi. Wannan ƙorafi ne mai tushe, ban raina shi ba. Tarwada mafaɗaciya ce, babba na haɗiye ƙarami, kuma kifin da aka yayyage wa fata ba ya sayuwa. Maganinsa ka tantance su kafin ka fara, manya da manya, ƙanana gefe guda. Ka rufe saman tankin da buhu ko tabarma ya yi duhu, yara su daina leƙe da bubbuga jiki. Kuma kar ka wuce gona da iri. In warin tsoka ne ya sa za ka kai mako, ba cewa aka yi ka hana abinci kwana bakwai cur ba. Ka rage shi sosai, ka dage da sauya ruwa, sai a kwana biyun ƙarshe ka yanke gaba ɗaya.

Ƙorafin da ya fi min nauyi shi ne na masu cewa dillali ba ya ƙara ko naira ɗaya don ka tsaftace kifi. Haka ne, a kasuwar sari kilo kilo ne. Amma ku ƙananan masu kiwo, ribarku ai ba a wurin dillali take ba. Mai kifi 300 ko 500 in ya dogara da sari kaɗai, da ƙyar ya ga kuɗin abinci. Kasuwarku tana wurin masu farfesu da masu gashin kifi na Sabon Gari, irin wuraren da mai saye zai nuna wanda yake so a cikin baho a yanka masa nan take. Tana wurin masu banda, da matan da ke girkin biki da suna, da ma'aikatan da ke son kilo biyu ranar Asabar. Waɗannan mutanen harshe ne ke riƙe da kasuwarsu. Mai farfesun da kwastoma ya ture wa kwano saboda warin taɓo ba za ta zo ta yi maka faɗa ba, kiranka kawai za ta daina ɗauka. Wadda kuwa ta ga kifinka na kwana uku a bahonta ruwa bai ɓaci ba, ita za ta riƙa nemanka, har ta haɗa ka da maƙwabciyarta.

Akwai kuma abin da kwana biyu ba sa wankewa, kuma dole in faɗe shi. Magani. An mayar da oksitetrasaikilin, wanda muke ce wa tetra, kamar gishirin miya: kifi ya ɗan rage ci a zuba, fata ta yi tabo a zuba. A Amurka doka ta ce tarwadar da aka ba wannan magani a abinci sai ta yi kwana 21 kafin a kai ta ga masu ci. Mu nan wani ranar Talata zai zuba, ranar Juma'a ya sayar, saboda ya ga sun fara mutuwa yana so ya tsira da jarinsa. Wannan kifin yara za su ci, da masu juna biyu, da marasa lafiyar da aka ce a yi musu farfesu su samu ƙarfi. Ku riƙa rubuta ranar da kuka ba da magani a jikin bango ko a waya, ku karanta takardar da ke jikinsa, ku tambayi likitan dabbobi. In kwanakin ba su cika ba, kifin bai isa fita ba.

Haka batun masu ciyar da hanjin kaji ɗanye da mushen kaji daga gona. Tsadar abinci ce ta kai mutane can, na sani. Amma wannan kifin kitse yake tarawa mai ɗoyi, ruwansa kuma kwana ɗaya ya ɓaci. In dole sai ka yi amfani da kayan cikin kaji, na yankakku masu lafiya, ka tafasa su, kuma ka daina makonni kafin sayarwa ka koma abincin buhu. Mushe kam a bar shi. Malaman fiƙihu ma suna da babi a kan dabbar da ta saba cin ƙazanta, wadda suke kira jallala, inda da yawansu suka yi maganar a tsare ta a kan abinci mai tsafta kafin a ci. Bayanin hukuncin na malamai ne, ku tambaye su. Ni dai abin da ya ja hankalina shi ne tun ƙarnoni da suka wuce an san cewa abin da dabba ta ci yana bin namanta, kuma lokaci ne ke fitar da shi.

In mai kiwo ya yi nasa, aikin madafa ba wuya. Ni ba na goyon bayan a zuba wa kifi gishiri da ransa a rufe bokiti yana ta birgima har ya mutu. Wahalarwa ce kawai. Ka riƙe shi da tsumma, ka kula da ƙayoyin nan biyu na gefen kai don sukarsu ba daɗi, ka buge shi da ƙarfi a ka sau ɗaya, ka yanka, ka bar jini ya tsiyaye. Sannan a zo kan yauƙi: gishiri da lemon tsami, ko toka, ko ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, a kwara a kankare da wuƙa. In ruwan ya cika zafi fata za ta saluɓe. Wajen fasa ciki a bi a hankali kar matsarmama ta fashe, in ta fashe ɗacinta ya shiga nama an gama. A cire jan abin nan na cikin kunne da yake numfashi da shi, a goge daskararren jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya, a yaye rawayen kitsen ciki a zubar, tunda can warin ya fi taruwa. Lemon tsami ko ruwan tsamiya suna da amfani na gaske a nan, domin tsami yana karya sinadarin warin taɓon. Sai dai yana rage na sama-sama ne, kifin da ya jiƙu da shi har ciki ba zai ceto ba.

Ruwan da za ku riƙa zubarwa a waɗannan kwanakin kuma, don Allah kar a sake shi a lungu. Gidajenmu a manne suke, kwatocinmu a cushe, kuma warin ruwan kifi na shiga har ɗakin maƙwabci. Rigimar da ta kai gaban mai unguwa tana iya rufe kiwon mutum. Wannan ruwan taki ne. In kana da zogale ko alayyahu ko ayaba a gida, ja tiyo ka kai musu. In babu, ka haƙa rami ka cika da duwatsu ya riƙa tsotsewa, nesa da rijiya ko bohol ɗin da ake sha.

Ku da ba ku fara ba tukuna, tun wajen lissafin jari ku sa kuɗin ƙaramin tanki na biyu da kuɗin ruwan makon ƙarshe. Ko tsohon tanki ne mai lita 1,000 da aka yanke samansa, in dai ba a taɓa zuba sinadari mai guba a ciki ba, zai riƙe muku kifin da za ku sayar a kwana biyu masu zuwa, sauran na can babban fond suna ci gaba da cin abincinsu. Waɗanda suka riga suka gwada dafa samfuri ba gishiri, ku faɗa mana a ƙasa kwana nawa ya ɗauke ku kafin warin ya fita, da irin ruwan da kuke amfani da shi, da watan da kuka yi.